Dalilin Da Ya Sa Superman Ke Shan Kaye A Gidajen Gem Na Jos

Duk wanda ya bi ta Titin Bauci ko Unguwar Rogo ko Gangare a cikin garin Jos bayan an tashi daga makaranta, ba zai rasa jin ƙarar janareta da ihun yara suna fitowa daga wani ɗan shago mai labule ba. Irin waɗannan shaguna su ake kira gidajen gem. Kayan aikinsu ba su da yawa, akwatunan talabijin ne biyu ko uku, da benci, da na'urar wasa ta kamfanin Sony wadda ake kira PlayStation, sai kuma abin nan mai maɓallai da ɗan wasa ke riƙewa, wanda yara ke ce wa hannu. A jikin bango akan manna hoton Spider-Man yana lilo tsakanin benaye, ko Batman da baƙar alkyabbarsa. Yaran da ke zaune ma, wani hoton jaruman ne a jakarsa ta makaranta, wani a rigarsa ta sanyi.

Amma in mutum ya dubi abin da ke kan talabijin ɗin, ƙwallon ƙafa zai gani. Ya dawo gobe, ƙwallon ƙafa ne. In ya ga wani abu dabam, to galibi yara biyu ne ke gwabzawa a wasan faɗa na Mortal Kombat. Jaruman littattafan zane sun mamaye bango da jakunkuna, amma sun kasa samun mazauni a kan benci, alhali kuwa kamfanonin Amurka da Ingila da Japan sun fi shekara 40 suna zuba dukiya domin su mai da su wasan bidiyo. Wannan al'amari yana da dalilai, kuma ya kamata iyaye su san su, gama daga aljihunsu kuɗin ke fita.

Tsohuwar sanayya

Ba rashin sabo ne ya kawo haka ba. Mutanen Jos sun daɗe da sanin kallo. Gidan talabijin na tsohuwar Jihar Binuwai da Filato, wanda ke Jos, shi ne ya fara watsa shirye-shirye masu launi a Nijeriya a 1975. A Jos ne hedkwatar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya take, wadda aka kafa a 1979, kuma dattawan garin ba su manta da daren silimar Kwararafa ba. Labaran jarumai na takarda ma tsofaffin baƙi ne a ƙasar nan. A ƙarshen shekarun 1960 samari sun yi ta rububin mujallar African Film saboda Lance Spearman, jarumin nan mai hular malafa da sigari, wanda ake ba da labarinsa da hotuna. A 1975 kuma aka fito da Powerman, baƙar fata mai ƙarfin gaske, wanda aka tsara musamman domin kasuwar Nijeriya, ko da yake masu zana shi Turawan Ingila ne, Dave Gibbons da Brian Bolland, waɗanda daga baya suka yi suna a duniya a wannan sana'a.

Da na'urorin wasa suka fara yawaita a gidaje a shekarun 1990, yawancinsu kwaikwayon Nintendo ne da ake kawowa daga ƙasar Sin, da kaset-kaset ɗin nan masu ruwan ɗorawa da ake rubuta wa cewa wasanni 9999 ne a ciki, alhali 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa. Tun daga nan yaran Jos suka koyi darasi na farko game da wannan harka, watau abin da aka zana a bayan kwali dabam, abin da ke ciki dabam.

Shi Superman an haife shi a takarda a 1938, Batman a 1939, Spider-Man a 1962. Da aka fara wasannin bidiyo na gida ba a ɓata lokaci ba, an sa Superman a na'urar Atari a 1979, Spider-Man ya biyo baya a 1982. Lissafin masu kuɗi a fili yake. Sunan ya riga ya shahara, ba sai an yi masa talla ba, yaro zai gan shi a kanti ya sa kuka sai an saya. To, daga wannan lissafin ne ɓarnar ta samo asali. Kamfanin da zai yi wasan sai ya biya masu mallakar jarumin kuɗin izini mai tsoka, saboda haka abin da ya rage na aikin kansa ya ragu. Sa'an nan in akwai fim ɗin jarumin da ke tafe, tilas wasan ya fito tare da fim ɗin, ko ya nuna ko bai nuna ba. Mai tuwon sayarwa ta san abin da ke faruwa in aka sauke tukunya domin mota za ta tashi.

Misalin da har yau ake bugawa shi ne wasan Superman na 1999, wanda kamfanin Titus na Faransa ya yi wa na'urar Nintendo 64. Yaron da ya saye shi yana tsammanin zai ɗaga jirgin ƙasa da hannu ɗaya, sai ya tarar aikin da aka fara ba shi shi ne ya tashi sama ya riƙa ratsa waɗansu zobba da aka jera, kafin lokaci ya ƙare. In ya kuskure 'yan kaɗan a mai da shi farko. Birnin kuwa an lulluɓe shi da wani koren hazo, wai makircin abokin gaba ne, alhali na'urar ce ba ta iya nuna abin da ke nesa. Masu kamfanin sun yi kukan cewa masu mallakar jarumin ne suka ɗaure musu hannu da sharuɗɗa, har da hana Superman ya taɓa mutanen gaske, shi ya sa aka mai da labarin cikin duniyar bogi. Ko ma laifin wane ne, wasan ya yi kasuwa a makonninsa na farko albarkacin sunan, kafin labarinsa ya bazu ya shiga sahun mafi muni da aka taɓa yi. Wasannin Iron Man na 2008 da Thor na 2011, waɗanda kamfanin Sega ya fitar tare da fina-finansu, su ma an yi musu irin wannan gaggawar, kuma masu sharhi ba su raga musu ba.

Jarumin da ba ya jin duka

Bayan kuɗi da gaggawa akwai wata matsala wadda ta fi su zurfi, ita ce ta halittar jarumin kansa. Wasa kowane iri ne, ko dara ko langa ko kokawa, daɗinsa yana cikin yiwuwar a kayar da mutum. Superman kuwa harsashi ba ya huda shi, wuta ba ta ƙona shi. Mai karanta labarinsa a takarda yana iya jin daɗin ganin ƙarfinsa, amma wanda aka ba shi ya riƙe a hannu fa? In an bar masa ƙarfinsa duka, babu abin tsoro, wasan ya zama lami. In an rage masa har ɗan fashi ya iya sumar da shi da sanda, to ba Superman ba ne kuma. Masu wasan Superman Returns na 2006 sun yi wata dabara, suka cire ma'aunin rai daga jikin jarumin suka ɗora wa birnin da yake karewa, watau shi ba ya mutuwa, amma in ɓarna ta yi yawa a gari an ci shi. Dabarar ta yi ma'ana, sai dai sauran aikin bai bi ta ba.

Batman bai da wannan ciwo, domin shi mutum ne mai jini da tsoka, dukiya da horo da wayo ne makamansa. Wannan ne wani ƙaramin kamfani na London mai suna Rocksteady ya gane. Kafin lokacin wasa ɗaya tak suka taɓa fitarwa. A 2009 suka fito da Batman: Arkham Asylum, ba tare da an ɗaure su da ranar fitar wani fim ba. Suka ɗauko Paul Dini, wanda ya daɗe yana rubuta labaran Batman na talabijin, da Kevin Conroy da Mark Hamill waɗanda suka saba yin muryar Batman da Joker. Amma abin da ya ɗaga wasan yana cikin yatsu ne. Maɓallan faɗa kaɗan ne, wannan na kai duka, wancan na tare wanda aka kawo, ɗaya na tsallakewa. Yaro yakan koye su cikin minti biyar, amma gwaninta sai wanda ya kama lokacin dannawa, kamar mai rawa da ke bin kalangu. Mutum goma su kewaye Batman da sanduna ya watsa su, amma da zarar masu bindiga sun shigo, in ya yi gaba da gaba da su nan take zai faɗi. Tilas ya hau sama ya laɓe cikin duhu, ya riƙa ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, har sauran su firgita. Ɗan wasa da kansa zai ga ya koma yin tunani irin na Batman, ba tare da an yi masa lacca ba.

Spider-Man ma an gano sirrinsa, kuma abin mamaki a wasan da aka yi domin fim ne, watau Spider-Man 2 na 2004, wanda kamfanin Treyarch ya yi, ya kuma fito a PlayStation 2, na'urar da ta daɗe tana mulki a gidajen gem na Arewa. A wasannin da suka gabace shi, jarumin yakan harba zarensa sama ya maƙale a iska kawai. A wannan kuwa sai zaren ya kama jikin gini na gaske, in babu gini kusa babu lilo. Wannan ɗan gyara shi ya sa mutum ke jin nauyin jikinsa da gudunsa, har yara kan bar labarin su yi ta yawo a birni domin daɗin lilon kurum. Wani abin lura shi ne, wasan da aka sayar wa masu kwamfuta a wannan shekarar da wannan suna wani kamfani ne dabam ya yi shi, kuma babu wannan lilon a ciki. Suna ɗaya, jarumi ɗaya, kaya biyu.

Kamfanin Insomniac ya gina kan wannan tushe a 2018, ya sayar da kwafi miliyan 3 da dubu 300 na sabon Spider-Man cikin kwana uku. Shekara guda bayan haka Sony ya saye kamfanin kan dala miliyan 229.

Da mutum zai ce an gama koyon darasi, sai ga shi an koma gidan jiya ta wata ƙofa. Sabuwar kwaɗayin ita ce wasan da ba ya ƙarewa, wanda za a haɗa da intanet a riƙa sayar wa ɗan wasa sababbin riguna da makamai wata bayan wata. A kan wannan tsari aka yi Marvel's Avengers a 2020, aka tara Hulk da Thor da Iron Man wuri ɗaya, aka sa su maimaita aiki iri ɗaya domin tara kayan ƙarin ƙarfi, sai ka ce Hulk yana bukatar a ƙara masa. A watan Satumba na 2023 aka janye shi daga kasuwa. Mafi ban takaici shi ne Rocksteady ɗin nan da ya gyara Batman. Bayan shekara tara da fitar babban wasansa na ƙarshe, a Fabrairun 2024 ya fito da Suicide Squad: Kill the Justice League, inda aka miƙa wa kowane ɗan wasa bindiga aka ce ya yi ta harbi, har ya kai ga kashe Batman ɗin da mutane suka so. Uwar kamfanin, Warner Bros. Discovery, ta bayyana cewa abin ya ja mata gibin dala miliyan 200. A 2025 aka soke wasan Wonder Woman da na Black Panther tun ba su fito ba, aka rufe kamfanonin da ke yin su.

Hukuncin benci

To, in akwai masu kyau a cikinsu, me ya hana su zama a gidajen gem na Jos? Amsar tana wurin mai shago, kuma lissafi ce ba ƙiyayya ba. Wasan ƙwallo na minti kamar goma ne, mutum biyu ke yi, kuma bisa al'adar da aka saba wanda aka ci shi ke biya, wanda ya ci ya zauna ya jira na gaba. 'Yan kallo suna tsaye suna zuga, kowa yana jiran layinsa. Labarin Spider-Man kuwa yakan ci awa 15 ko fiye, kuma mutum ɗaya ke yi. Mai shagon da ke ƙona fetur, wanda farashinsa ya ninka tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023, ba zai so yaro ɗaya ya tare masa talabijin tun La'asar har Magariba ba. Shi ma yaron, in ya kai wani mataki yau ya tafi gida, gobe yana iya tarar da wani ya ɗora a kai ko ya share. Jaruman da ke ɗan samun shiga su ne waɗanda aka sa su faɗa biyu-biyu, kamar Injustice na 2013, wanda masu Mortal Kombat suka yi, inda cikin minti biyu ko uku an san wanda ya ci. A nan kam Batman yana iya lakaɗa wa Superman duka, ba wanda zai tsaya tambayar hujja.

Akwai kuma abin da bai kamata a manta ba, Jos garin ƙwallo ne. Mighty Jets ta Jos ce ta ci gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972, Plateau United ta ci a 2017. Mikel Obi, wanda ya ɗauki kofin zakarun Turai da Chelsea a 2012, a Jos aka haife shi. Haka Ahmed Musa, wanda ya zura wa Ajantina ƙwallo biyu a gasar duniya ta 2014, ya kuma zura wa Aislan biyu a 2018. Dukansu an sa su cikin wasannin ƙwallo na bidiyo da sunansu da lambar rigarsu. Yaron da ya tashi yana iya zaɓen ɗan garinsu ya ruga da shi a gefen fili, ba shi da wata yunwar jarumi daga New York.

Ba za a ce hukuncin benci shi ne gaskiya duka ba, gama akwai wasanni na ƙwarai da ke bukatar natsuwa da dogon lokaci, irin waɗanda sai a ɗaki. Guardians of the Galaxy na 2021, wanda ya ci lambar yabo saboda kyan labarinsa, rabin daɗinsa hirar da jaruman ke yi ne da Turancin Amurka mai sauri, wanda ƙarar janareta za ta haɗiye. Amma duk da haka bencin yana da wani adalci da masu talla ba su da shi. Yaron da ya tara kuɗin tara na makaranta domin minti goma ba ya karanta sharhin kowa, kuma ba ruwansa da miliyoyin da aka kashe. Ya danna, in jarumin bai amsa masa yadda ya kamata ba, sai ya ce a canza.

Inda haɗarin yake shi ne gida, wurin uban da ɗansa ya dame shi da roƙo. Sabon wasa irin Spider-Man 2 na 2023 dala 70 aka sa masa. A 2024, lokacin da dala ta haura naira 1,500, wannan ya zarce naira 100,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a watan Yulin wannan shekarar naira 70,000 ne. Yawancin mutane sukan sayi wanda aka yi amfani da shi ko su kai na'urar a loda musu, amma ko a haka akwai tarko. Suicide Squad, lokacin da ya fito, ba ya tashi sai da intanet ko da mutum shi kaɗai zai yi wasa, kuma manyan wasannin zamani sukan nemi a sauko da gyare-gyare masu cinye data. Sa'an nan uba ya dubi lambar da ke kusurwar kwalin. Faifan da aka yi domin Turai suna ɗauke da 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18, watau shekarun da suka dace. Domin jarumin ɗan zane ne, iyaye da yawa kan ɗauka abin yara ne, alhali Spider-Man na 2018 lambarsa 16, Batman: Arkham Knight na 2015 kuwa 18, saboda azabtarwa da zubar da jinin da ke ciki.

Namu jaruman fa?

Da wuya mutum ya sami jarumin da ke jin Hausa a cikin faifan da ke waɗannan shaguna, amma masu zane na Afirka sun fara motsi. A Legas, Jide Martin ya kafa Comic Republic a 2013. Roye Okupe ya fito da Malika, sarauniya mayaƙiya wadda ya ɗauko siffarta daga Amina ta Zazzau. Kamfanin Leti Arts na Gana da Kenya ya sa jaruman tatsuniyoyin Afirka cikin wasan waya, har da Ananse, watau Gizon mutanen Gana. A Yawunde ta Kamaru kuma kamfanin Kiro'o ya fitar da wasan Aurion a 2016, bayan shekaru yana fama da ƙarancin jari da ɗaukewar wuta. Jos kuwa tana da Cibiyar Koyon Aikin Fim ta Ƙasa, da kwalejin talabijin ta NTA, da jami'a, da cibiyar nHub inda matasa ke koyon rubuta manhaja. Masu hannun zane da masu iya labari ba su yi ƙaranci a garin ba.

Sai dai duk wanda zai shiga wannan fage, tarkon da ya kama Titus yana nan yana jiransa. Abu ne mai sauƙi a ɗauko sunan Bayajida ko Amina ko Ganɗoki na Bello Kagara, a zana kwali mai kyau, a dogara ga kishin jama'a. Za a saya sau ɗaya domin kara, ba za a saya na biyu ba. Ganɗoki da bakinsa yake ba da labarin yaƙe-yaƙensa, kuma a bakinsa runduna ba ta tsaya masa, saboda haka mai son mai da shi wasa zai ci karo da ciwon Superman tun ranar farko. Gizo ya fi shi sauƙin sarrafawa nesa ba kusa ba. Ba shi da ƙarfi, kullum yana jin yunwa, Kura da Zaki duk sun fi shi, wayo ne kaɗai jarinsa, kuma sau da yawa wayon kan juye masa ya sha duka ya gudu. Ga tsoro, ga dabara, ga dariya, duk abin da wasa ke nema.

Amma in bencin Unguwar Rogo ake so a kama, akwai abin da ya fi su duka dacewa da lissafin mai shago, shi ne dambe. Mutum biyu ne ke yi, turmi uku ne, kowane turmi gajere. Hannu ɗaya naɗe da zare domin kai duka, ɗaya a buɗe domin karewa, wanda ya kai ƙasa an kashe shi, na gaba ya shigo. Ga ɓangarori da yara za su zaɓa, Kudu da Arewa da Guramaɗa, ga makaɗi a gefe yana zuga, wanda mai shirya wasan zai iya sa kiɗansa ya ƙara zafi duk lokacin da ɗan wasa ya kai duka mai kyau.